NAZARI: Faransanci, Larabci ko Sinanci: Shin halin ɗalibi ne ke zaɓa masa harshe a sakandare?

A watan Satumban 2025, daidai lokacin da makarantu ke komawa sabon zangon karatu, Gwamnatin Tarayya ta fara aiwatar da sabuwar manhajar firamare da sakandare wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, ta tsara. A cikin watan ne kuma Sakataren Ilimi na Babban Birnin Tarayya, Danlami Hayyo, ya bayyana a wajen buɗe zauren koyon Sinanci na 14 a Sakandaren Gwamnati ta Tudun Wada da ke Abuja, cewa harshen Sin ya shiga jerin harsunan ƙetare da ɗalibin babbar sakandare zai iya ɗauka. Da wannan, harsunan da ke gaban yaron da ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare sun zama uku a kan takarda: Faransanci, Larabci da Sinanci.

Duk inda aka ba da zaɓi, dole a nemi ma'aunin da za a yi shi da shi. Ma'aunin da ya fi yawo a bakin iyaye da wasu malamai shi ne halin yaro. Mai surutu da son shiga mutane, a ce Faransanci ya dace da shi. Mai natsuwa da haƙurin zama wuri ɗaya, a ce ɗan Larabci ne. Mai ƙwaƙwalwar lissafi da saurin hadda, a ce shi ne zai iya da rubutun Sinawa. Intanet ma cike take da gajerun tambayoyi masu iƙirarin gano wa mutum harshen da ya yi daidai da ɗabi'arsa cikin minti biyar.

Maganar tana da daɗin ji, kuma tana da ƙanshin gaskiya. Amma abin da ake shirin ɗorawa a kanta ba ƙarami ba ne: shekara uku na karatun yaro, gurbi guda cikin darussa takwas ko tara da aka yarje masa, da kuma wani laƙabi da za a maƙala masa yana ɗan shekara 14 ko 15, wanda zai iya ɗauka ya yi ta yawo da shi har girmansa. Don haka ya dace a auna ta da abin da bincike ya tabbatar, da kuma abin da ke faruwa a ajujuwan Najeriya.

Yadda harsunan suka shigo makaranta

Babu ɗaya daga cikin harsunan uku da ya shigo manhaja saboda an duba halin ɗalibai. Kowanne da tarihin da ya kawo shi.

Larabci ya riga boko zuwa ƙasar Hausa da Borno da ɗaruruwan shekaru, shi ne harshen malamai da alƙalai da wasiƙun sarakuna. Makarantar Nazarin Larabci ta Kano ta samo asali ne daga makarantar horar da alƙalai da aka kafa a 1934, kuma a yau akwai hukumar NBAIS mai shirya jarrabawar kammala sakandare ga ɗaliban Larabci da addinin Musulunci. Ga Larabawan Shuwa na Borno kuwa, harshen gida ne.

Faransanci ya samu ɗaukaka ta musamman a 1996, lokacin da Janar Sani Abacha ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu. Wannan ya zo ne shekara guda bayan an dakatar da Najeriya daga Ƙungiyar Ƙasashe Rainon Ingila saboda rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, lokacin da gwamnatin soja ke neman abokai a wani ɓangaren. Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa na 2004 ya wajabta shi a firamare da ƙaramar sakandare, ya bar shi zaɓi a babbar sakandare. Sai dai Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai san da wannan matsayi ba, domin Sashe na 55 ya ambaci Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci ne kawai a matsayin harsunan gudanar da Majalisar Tarayya.

Sinanci kuma ya biyo sawun kwangila da ciniki. An buɗe cibiyoyin Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas a ƙarshen shekarun 2000, sannan kamfanonin Sin suka gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka ƙaddamar a 2016, da na Legas zuwa Ibadan, da tashar jiragen ruwa ta Lekki. 'Yan kasuwar Kano da Aba da Onitsha sun daɗe suna zirga-zirga zuwa Guangzhou.

Wato addini da shari'a suka kawo na farko, siyasa da maƙwabtaka suka ɗaga na biyu, kuɗi suka jawo na uku. Yana da kyau a riƙe wannan kafin a shiga batun hali.

Abin da masana suka gano

Ma'aunin da mafi yawan masana halayyar ɗan Adam suke aiki da shi a yau ya kasa hali gida biyar: buɗaɗɗen tunani da son sabon abu, tsari da naci a kan aiki, son jama'a da sakin jiki, sauƙin kai da iya zama da mutane, sai kuma saurin shiga damuwa. Kowane mutum yana da rabonsa a kowane ɗaya, wani ya yi yawa wani ya yi kaɗan.

Biyu daga cikin biyar ɗin ne suka fi fitowa a binciken koyon harshe. Masu buɗaɗɗen tunani sun fi sha'awar al'adun wasu, don haka sun fi karkata ga darussan harshe da adabi, kuma sun fi ci gaba da su bayan an daina tilasta musu. Masu tsari da naci kuwa su ne ke cin jarrabawa. A 2009 wani masani ɗan Ostareliya, Arthur Poropat, ya tattara sakamakon bincike masu yawa da suka shafi ɗalibai sama da 70,000, ya gano cewa a cikin halaye biyar ɗin naci ne ya fi alaƙa da makin ɗalibi, alaƙar da ƙarfinta ya yi kusa da na kaifin basira. Wannan kuwa ya shafi kowane darasi ne, daga lissafi har zuwa tarihi.

Shi kuma mai surutu, wanda ake yi wa kallon gwanin harshe tun daga haihuwa, labarinsa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Binciken Jean-Marc Dewaele da Adrian Furnham a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa masu sakin jiki sun fi sakin baki wajen magana, musamman a yanayi na matsi kamar jarrabawar baka. Idan aka zo rubutu da nahawu da fahimtar karatu, fifikon nasu yakan ɓace. Mai shiru yana iya cin takarda ya bar mai surutu a baya.

Akwai kuma abubuwa biyu da suka fi hali nauyi. Na farko shi ne baiwar koyon harshe, wadda John Carroll da Stanley Sapon suka ƙirƙiro wa ma'auni a Amurka a 1959: kunnen rarrabe sauti, lura da ƙa'idar jimla, riƙe kalmomi, da iya tsamo doka daga misalai. Na biyu shi ne dalili. A shekarar 1959 ɗin dai, Robert Gardner da Wallace Lambert suka yi nazari a kan ɗaliban sakandare masu jin Ingilishi da ke koyon Faransanci a birnin Montreal na Kanada, suka nuna cewa abin da ɗalibi yake ji a ransa game da masu harshen, da abin da yake son yi da harshen, suna da tasiri nasu na daban ko da an cire baiwa. Daga nan aka samu rabe-raben da har yau ake koyarwa a jami'o'i: mai koyo don ya shiga cikin masu harshen, da mai koyo don ya samu aiki ko shaidar karatu.

Idan aka haɗa waɗannan, hoton da ke fitowa shi ne: hali yana da hannu wajen ko yaro zai so ɗaukar harshe tun farko, yana kuma da hannu a hanyar da zai bi ya koye shi. Amma tsallen da ake yi daga nan zuwa cewa wannan hali na Faransanci ne, wancan na Larabci, tsalle ne da ba shi da madogara. Nacin da zai haddace jadawalin aikatau na Faransanci shi ne zai haddace sarfun Larabci, shi ne kuma zai haddace alamomin rubutun Sin.

Me ya sa ajujuwan suka bambanta?

Mai karatu zai iya cewa ai gani ya kori ji: duk wanda ya leƙa ajin Faransanci da na Larabci a makaranta ɗaya zai ga 'yan ajin ba iri ɗaya ba ne. Haka ne. Amma bambancin ya riga zaɓin, daga gida aka taho da shi.

Ƙasar Faransa ta ba da misali mai kyau. Shekaru da dama iyaye masu ilimi da hali suna tura 'ya'yansu ajin Jamusanci da Latin, saboda an san a nan ake tara ɗalibai masu ƙoƙari. Sai aka wayi gari ana cewa Jamusanci harshen masu tsari da ƙwazo ne, alhali makaranta da iyaye ne suka tace ajin tun kafin a fara darasi. Da Ministar Ilimi Najat Vallaud-Belkacem ta yi yunƙurin rushe yawancin irin waɗannan ajujuwa na musamman a 2015, da hujjar cewa suna raba 'ya'yan masu hali da na talakawa, an yi mata ca, kuma gwamnatin da ta biyo baya ta maido da su a 2017.

A Jamus ma an daɗe ana cewa Latin yana wasa ƙwaƙwalwa kuma yana sauƙaƙa koyon sauran harsuna. A 2003 Ludwig Haag da Elsbeth Stern suka gwada ɗaliban da suka fara koyon Sifaniyanci, sai ga shi waɗanda suka yi Faransanci a sakandare sun fi waɗanda suka yi Latin ƙarancin kuskure. A Ingila kuwa, da aka daina wajabta harshen ƙetare ga 'yan sama da shekara 14 a 2004, adadin masu ɗaukarsa ya faɗi warwas, kuma faɗuwar ta fi muni a makarantun unguwannin marasa ƙarfi. Halin yaran Ingila bai sauya cikin shekara guda ba, doka ce ta sauya.

A Najeriya lamarin ya fi haka fitowa fili. Yarinyar da ta taso tana zuwa Islamiyya tun tana shekara biyar ta shiga ajin Larabci da jarin shekara goma. Yaron da iyayensa ke aiki a Hukumar ECOWAS a Asokoro, ko wanda ya taso a Badagry ko Illela ko Mubi yana jin harshen maƙwabta a kasuwa, ya shiga ajin Faransanci da nasa jarin. Natsuwar da ake gani a wancan aji da sakin jikin da ake gani a wannan, tarbiyyar gida da irin makarantar da aka fito ne suka fi bayyana su.

Zaɓin da babu zaɓi a cikinsa

Kafin ma a kai ga hali ko gida, akwai lissafin gurbi. Sabuwar manhaja ta taƙaita darussan babbar sakandare zuwa takwas ko tara, kuma biyar daga ciki wajibi ne: Ingilishi, lissafi, darasin zama ɗan ƙasa da tarihi, fasahar zamani, da sana'a guda. Saura uku ko huɗu. Ɗalibin da ke son karanta likitanci ko injiniyanci dole ya ɗauki fiziks da kemistiri, galibi da bayoloji. Idan gurbi guda ya rage masa, harshen ƙetare zai yi takara a kansa da darasin addini da harshen gida da ƙarin lissafi da aikin gona. Jarrabawar JAMB kuma darussa huɗu take tambaya, Ingilishi da uku da suka shafi kwas ɗin da ake nema. Ke nan tsarin da kansa ya kusa mayar da harshen ƙetare kayan 'yan ajin adabi, duk da cewa injiniya da likita da ɗan kasuwa su ne za su fi cin moriyar Sinanci ko Faransanci a wurin aiki.

Sai batun malami. A makarantun kuɗi na Abuja da Legas da Fatakwal, yaro na iya zaɓa tsakanin harsuna biyu ko uku. A sakandaren gwamnati ta karkara, harshen da ake da malaminsa shi ne zaɓi, idan ma akwai. Wannan giɓi ya taɓa haifar da rikici. A 2017, cikin ƙorafe-ƙorafen da Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta gabatar game da manhajar wancan lokaci, har da fargabar cewa inda aka ce ɗalibi ya zaɓa tsakanin Faransanci da Larabci amma babu malamin Faransanci, an tilasta masa Larabci ke nan a fakaice. Ko mutum ya yarda da yadda aka gabatar da ƙorafin ko bai yarda ba, ya nuna cewa rashin malami na iya mayar da batun jadawalin darasi ya zama batun addini.

Ƙasar nan tana da cibiyoyi biyu da aka kafa don cike wannan giɓi: Ƙauyen Harshen Faransanci da ke Badagry, wanda aka kafa a 1991, da Ƙauyen Harshen Larabci na Ngala a Jihar Borno, wanda ya biyo baya ba da jimawa ba, kuma rikicin Boko Haram ya tilasta masa komawa Maiduguri. Sinanci ba shi da irin wannan tushe na gida tukuna, ya dogara ne a kan cibiyoyi da zaurukan da ƙasar Sin ke ɗaukar nauyi.

Akwai kuma lissafin lokaci. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa baligi mai jin Ingilishi yana buƙatar awa 600 zuwa 750 na aji kafin ya iya aiki da Faransanci, amma Larabci da Sinanci kowanne awa 2,200. Idan aka ƙaddara makaranta na ba da darasi uku na minti 40 a mako, na tsawon mako 36 a shekara, abin da ɗalibi zai samu cikin shekara uku shi ne awa 216, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da Sinanci ke buƙata. Yaron da ya fita sakandare bai iya magana ba, za a ce halinsa bai dace da harshen ba, alhali awannin ne ba su kai ba.

Ga ɗalibi Bahaushe ma, lissafin wuya da sauƙi ba irin na Ba'amurke ba ne. Hausa da Larabci dangi ne na nesa a cikin babban gidan harsuna ɗaya, kuma kalmomi irin su littafi, alƙalami, alƙali, wasiƙa, lokaci da labari duk daga Larabci aka aro su. Hausa na bambanta namiji da mace a suna, abin da ke wahalar da mai jin Ingilishi a Faransanci. Kuma Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya ne ke raba kukan yaro da itacen kuka, su ne ke raba wuyan riga da wuyar aiki. Don haka idan aka ce wa Bahaushe Sinanci na da karin sauti huɗu masu sauya ma'ana, ba a zo masa da baƙon tunani ba.

Kunya, da haɗarin ma'aunin aro

Hausawa suna da nasu ma'aunin hali. A laccar da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirki, Anthony Kirk-Greene ya jero siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su, ciki har da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, ladabi, mutunci da kunya. Ita kunya a nan abin yabo ce. Yarinyar da ba ta ɗaga murya a gaban malami, ba ta haɗa ido da babba, tarbiyya take nunawa. Takardar gwajin hali da aka tsara a Amurka za ta rubuta ta a matsayin mai gudun mutane. Ita ce kuma za a tarar tana jan ragamar hira a cikin ƙawayenta ranar biki.

Masana sun lura da wannan matsala. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka ja hankali cewa mafi yawan abin da ake kira binciken halayyar ɗan Adam an yi shi ne a kan mutanen ƙasashen Yamma masu arziki, galibi ɗaliban jami'a. A 2013 aka gwada ma'aunin nan mai gida biyar a kan al'ummar Tsimane ta ƙasar Bolibiya, bai fito yadda aka zata ba. Wani nazari na 2019 da ya duba bayanai daga ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ya gano cewa tambayoyin sau da yawa ba sa auna abin da aka shirya su auna. Idan ma'aunin da masana suka fi amincewa da shi yana tuntuɓe haka, ina ga tambayoyi goma na wani shafin intanet?

Karin magana ya ce hali zanen dutse. A kan baligi maganar na da ƙarfi, a kan ɗan shekara 14 kuwa ba ta zauna ba. Bincike ya nuna cewa tsari da sauƙin kai sukan ɗan yi ƙasa a farkon balaga, sannan su sake hawa yayin da ake shiga shekaru ashirin. Wato ana yanke wa yaro hukunci ne a daidai lokacin da halinsa ya fi kowane lokaci rawa.

Abin da ya fi dacewa a lura da shi a aji shi ne fargaba. A 1986 Elaine Horwitz da abokan aikinta a Jami'ar Texas suka nuna cewa akwai wani tsoro na musamman da ke kama mutum a ajin harshe, tsoron buɗe baki a yi masa dariya, kuma yana iya kama wanda ba shi da tsoro a sauran darussa. Masu wannan fargaba makinsu yakan yi ƙasa. Ɗaliban Najeriya sun san ta tun daga darasin Ingilishi, inda kuskure ɗaya kan jawo ihun aji, a wasu makarantun ma har da tarar yin harshen gida. Wannan ciwo ne da salon koyarwa ke haifarwa kuma salon koyarwa ke magancewa. Sauya wa yaro harshe ba zai warkar da shi ba.

Ko harshe na sauya hali?

Tambayar tana da wata fuska. A 1964 Susan Ervin ta nuna wa Faransawa mazauna Amurka hotuna iri ɗaya, ta nemi su ƙirƙiri labari a kansu da Faransanci, wani lokacin kuma da Ingilishi. Jigon labaran ya riƙa bambanta gwargwadon harshen. A 2006 wani binciken a kan masu jin Sifaniyanci da Ingilishi ya samu ɗan bambanci a yadda suke siffanta kansu a kowane harshe. Bambancin ƙarami ne, kuma bayaninsa a fili yake: kowane harshe yana tafe da ladubbansa. Ma'aikacin da ya gaida shugabansa da Ingilishi cikin kalma biyu, idan ya juya Hausa sai ya tambayi gajiya da iyali da sanyi, har ya ɗan rusuna. Mutum ɗaya ne, riga ya sauya.

Wannan ya juya hujjar masu zaɓe da hali. Idan sabon harshe na ba mutum damar gwada wata murya, to yarinya mai kunya ita ce ta fi buƙatar ajin da za a sa ta yin magana, yaro mai gaggawa kuma shi ya fi buƙatar darasin da zai koya masa zama a kan alama ɗaya har ta zauna.

Tambayoyin da suka fi amfani

Maimakon tambayar wane irin yaro ne, iyaye za su fi cin riba idan suka fara da tambayar ko akwai ƙwararren malami da zai zauna shekara ukun. Sai su tambayi inda yaron zai ji harshen bayan an tashi makaranta, domin harshen da ba a ji a rediyo ko kasuwa ko masallaci ko waya, a aji yake mutuwa. Sai su tambayi yaron da kansa abin da yake son yi da shi, su kuma saurari amsar. Daga ƙarshe su duba ƙofofin da harshen ke buɗewa.

A nan ma gaskiya ta fi rikitarwa fiye da yadda ake tallata ta. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sun fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma Nijar ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa tare da mayar da Faransanci harshen aiki. Duk da haka takardun kwastan da kwangila da shaidar karatu a Benin da Nijar da Chadi da mafi yawan Kamaru, wato dukkan maƙwabtan Najeriya na tudu, da Faransanci ake rubuta su. Larabci harshen hukuma ne a Chadi da Sudan da ƙasashen Larabawa, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya tare da Faransanci da Sinanci. Shi kuma Sinanci yana da daraja a wuraren gini da masana'antu da shigo da kaya, amma darajar tana zuwa ne ga wanda ya kai matakin tafinta, wanda ya wuce abin da sakandare kaɗai ke bayarwa. Faransanci da Larabci sun daɗe a jarrabawar WAEC da NECO. Duk makarantar da ta ce za ta koyar da Sinanci, ya kamata iyaye su tambaye ta wace shaida yaro zai fita da ita.

Bayan an amsa waɗannan, sai hali ya shigo a inda yake da amfani, wato wajen salon koyo. Mai son jama'a a ba shi hira da wasan kwaikwayo, a kuma matsa masa a kan rubutu. Mai shiru a fara da shi a ƙaramin rukuni kafin a tsayar da shi gaban aji. Marar tsari a gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan kullum.

Nauyi mafi girma yana kan gwamnati. A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ya mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Ga miliyoyin yara, Ingilishin kansa harshen ƙetare ne, Faransanci ko Sinanci zai zama na uku ko na huɗu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: yaron da bai iya karatu da fahimta a kowane harshe ba, ƙara masa wani ba zai amfane shi ba, komai kyan halinsa. Ana buƙatar kwalejojin ilimi su yaye malaman harsunan nan da yawa, a ba jihohin kan iyaka fifiko a Faransanci, a koyar da Larabci a matsayin harshe da ƙofarsa ke buɗe ga Musulmi da Kirista, a kuma samar wa ɗalibin kimiyya gurbin da zai ɗauki harshe ba tare da ya sadaukar da darasin da JAMB ke nema ba.

Ƙasar Sin ta buɗe sashen Hausa a gidan rediyonta na ƙetare tun 1963, kuma har yau ana koyar da Hausa a Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Beijing. Ƙasar ta hango bukata ne, ta tanadi malamai da littattafai da aikin yi, sannan ɗalibai suka zo, masu surutu da masu shiru. Ranar da sakandaren gwamnati a Gumel ko Gashuwa ko Kwali ta samu malamin Faransanci da na Larabci da na Sinanci a lokaci guda, a ranar ne tambayar abin da ya dace da halin yaro za ta zama tambayar da yawancin iyayen Najeriya ke da damar yi.